Tsakanin Majami'ar Yahudawa da Coci, Wa Ya Ari Karin Waƙar Wa?

Tambaya: Malam, na ji wani mai wa'azi yana cewa waƙoƙin ibada na tsohuwar coci, musamman irin wanda ake kira Giregoriyan, kai-tsaye aka ɗauko su daga abin da Lawiyawa, ƙabilar Yahudawa masu hidimar ibada, suke rerawa a Haikalin Kudus. Wani kuma ya ce sam ba haka ba ne, Yahudawan Turai ne suka riƙa aron karin waƙar Kirista. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: Kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, sai dai na farkon ya yi iƙirarin da babu mai iya kafa masa hujja, na biyun kuma ya faɗi rabin labari ya bar rabi. Aron karin waƙa ya faru tsakanin majami'ar Yahudawa da coci, kuma kowane ɓangare ya ara daga ɗan'uwansa, amma inda muke da shaida mai ƙarfi a kansa shi ne daga ƙarni na 12 zuwa yau, bayan an iya rubuta murya a takarda. Abin da ya gabaci wannan lokaci mafi yawansa kirdado ne, wani mai ma'ana, wani mara tushe.

Akwai abin da babu jayayya a kansa. Kiristocin farko Yahudawa ne, kuma da littattafan da suka tashi da su suka shiga sabon addinin. Zabura ita ce littafin waƙar ɓangarorin biyu har gobe. Linjilar Markus, sura ta 14, ta ce Annabi Isa da almajiransa sun rera waƙa bayan jibin dare na ƙarshe kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, kuma malamai da yawa suna ganin Zabura ta 113 zuwa ta 118 ce, domin ita Yahudawa suke rerawa a Idin Ƙetarewa. Kalmomin Amin da Halleluya da Hosanna sun shiga bakin Kirista da Ibranancinsu ba tare da an fassara su ba. Ayar Ishaya sura ta 6, inda mala'iku suke cewa "Mai Tsarki" sau uku, tana tsakiyar addu'ar Yahudawa da ake kira Kedusha, tana kuma tsakiyar sallar Katolika da sunan Sanktus. Haka nan al'adar karanta nassi da jan murya maimakon magana zalla, da tsarin mai bayarwa da masu amshi, duk tsofaffi ne a ɓangarorin biyu. To amma waɗannan duka gādon kalmomi ne da gādon tsari. Mai tambaya kuwa kari yake nema, wato yadda murya take hawa da sauka, kuma a nan ne gizo yake saƙar.

Romawa sun rushe Haikalin Kudus a shekara ta 70 Miladiyya. Kiɗan Lawiyawa, da molayensa da kugensa da ƙahoninsa, ya tafi tare da ginin, kuma ba a bar mana ko layi ɗaya na karinsa a rubuce ba. Waƙar Kirista mafi tsufa da aka samu tare da alamomin murya ita ce wani guntun takardar fafirus da aka tono a Oksirinkus ta ƙasar Masar, aka buga shi a 1922. An rubuta ta a wajajen ƙarshen ƙarni na 3, da harshen Girka, da kuma alamomin kiɗa irin na Girkawa. Bayan ita sai dogon shiru har ƙarni na 9, lokacin da ruhubanawan daular Faranka suka fara ɗora wasu 'yan ƙananan alamomi a bisa kalmomin Latin. Su ma waɗannan alamomin ba sa nuna ainihin tsayin murya, suna dai tuna wa wanda ya riga ya haddace waƙar inda zai hau da inda zai sauka. Sai a farkon ƙarni na 11 ne Guido na Arezzo ya daidaita tsarin layukan da za a iya karanta waƙar da ba a taɓa ji ba. Ita kanta waƙar Giregoriyan, ko da yake ana jingina ta ga Fafaroma Gregory na Ɗaya wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, siffar da muka san ta da ita ta samu ne a ƙarni na 8 da na 9, lokacin da sarakunan Faranka, Pepin da ɗansa Charlemagne, suka ɗora waƙar birnin Roma a kan coci-cocin ƙasarsu, mawaƙan can kuma suka juya ta da harshensu da kunnensu.

A ɓangaren Yahudawa ma haka abin yake. Malaman Masora na birnin Tabariya, masu kula da rubutu da karatun nassin Ibrananci, sun kammala alamomin karatun Attaura da ake kira ta'amim a wajajen ƙarni na 9 da na 10, kuma ana ganin su a kundin Halab da aka rubuta kusan shekarar 930. Alamomin iri ɗaya ne a ko'ina, amma Bayahuden Yaman da na Maroko da na Lituwaniya kowa da karin da yake ba su, har wanda bai sani ba zai rantse ba rubutu ɗaya suke karantawa ba. Ke nan tsakanin rushewar Haikali da farkon rubutun da za a iya dogara da shi akwai kusan shekara dubu, a cikinta kuma murya ta yi ta yawo daga baki zuwa kunne a ƙasashe masu harsuna daban-daban. Duk wanda ya ce maka ya san abin da Lawiyawa suka rera, to ka tambaye shi ta wace hanya ya tsallake wannan shekara dubu.

Wannan ra'ayi na mai wa'azin ba shi ya ƙirƙire shi ba, yana da asali a wurin manyan masana. Abraham Zvi Idelsohn, wanda aka haifa a Latbiya a 1882, ya koma Kudus a farkon ƙarni na 20, ya tarar da Yahudawan Yaman da Farisa da Bagadaza da Buhara da Maroko suna zaune a gari ɗaya, kowace jama'a da majami'arta. Ya bi su da na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani, ya rubuta dubban kari, ya fitar da su a juzu'i 10 tsakanin 1914 da 1932. Aiki ne da duk mai wannan fanni yake cire masa hula. Da ya jera karatun Zabura na Yahudawan Yaman kusa da wasu waƙoƙin Giregoriyan, sai ya ga kama mai ban mamaki, ya kuma yi hujja da cewa tun da mutanen Yaman sun daɗe a keɓe, ba su yi cuɗanya da Kiristocin Turai ba, to lallai su biyun daga tushe ɗaya suka sha, wato tsohuwar waƙar Falasɗinu. Eric Werner ya ɗauki wannan magana ya faɗaɗa ta a littafinsa mai suna The Sacred Bridge, wanda ya fito a 1959, littafin kuma ya yi tasiri sosai a makarantun tauhidi, daga nan maganar ta sauko kan mumbari.

Daga shekarun 1980 ne aka fara bin hujjojin ɗaya bayan ɗaya. James McKinnon da John Arthur Smith sun koma ga rubuce-rubucen ƙarnonin farko, suka nuna cewa majami'ar Yahudawa ta zamanin Annabi Isa wurin karatun nassi ne da koyarwa da taron jama'a, kuma shaidar cewa ana rera Zabura a cikinta a kai a kai ba ta bayyana ba sai bayan ƙarnoni. McKinnon ya ƙara da cewa yawan rera Zabura a coci ya bunƙasa ne a ƙarni na 4, ta hanyar ruhubanawan hamadar Masar waɗanda suke sauke Zabura dare da rana, lokacin da addinan biyu suka riga suka raba gari. Peter Jeffery kuma ya bi misalan Werner ya nuna raunin da yawa daga cikinsu. Ita ma maganar keɓewar Yaman ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin Yahudawan can sun yi ta musayar wasiƙu da malaman Bagadaza da Masar, sun kuma zauna shekaru aru-aru a tsakiyar Larabawa suna jin muryoyinsu.

A ganina babbar matsalar ita ce wadda Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kanta, cewa kama da wane ba ta wane. Idan mutum zai karanta dogon nassi da murya a gaban jama'a, hanyoyin da suke gabansa kaɗan ne: zai ɗan hau a farkon aya, ya zauna a kan sauti ɗaya yana jero kalmomi, ya ɗan lanƙwasa a tsakiya inda ma'ana ta rabu, sannan ya sauko a ƙarshe. Ayoyin Zabura kuwa da ma kashi biyu ake gina su, rabi yana amsa rabi. Saboda haka ko da Bayahude da Kirista ba su taɓa jin juna ba, nassin da kansa zai tura su zuwa siffa mai kama da juna. Misalin da ya fi ƙarfi a hannun masu ra'ayin gādo shi ne karin da ake kira tonus peregrinus, wanda coci take rera Zabura ta 114 da shi, mai maganar fitowar Isra'ila daga Masar. Ya bambanta da sauran karin Zabura takwas na coci domin yana zama a kan sauti ɗaya a rabin farko, ya koma wani a rabi na biyu, kuma an sami irinsa a wurin wasu jama'o'in Yahudawa a kan wannan Zabura ɗin dai. Wannan abin lura ne ƙwarai, ina kuma ɗaukarsa da muhimmanci, amma bai gaya mana wa ya ba wa ba, bai kuma gaya mana yaushe ba.

Yanzu mu zo inda takarda take magana. Rubutun karin waƙar Yahudawa mafi tsufa da ya zo hannunmu, wanda aka haifa Kirista ne ya rubuta shi. Sunansa na yanka Johannes, ɗan wani basaraken Norman ne daga garin Oppido a kudancin Italiya, ya kuma yi karatun malaman coci. A shekarar 1102, 'yan shekaru bayan Yaƙin Salibi na farko wanda aka karkashe Yahudawa da yawa a farkonsa, ya shiga addinin Yahudanci ya ɗauki sunan Obadiya. Ya bar Turai ya zaga Bagadaza da Halab da Dimashƙa da Taya, ya ƙare a Masar. An gano takardunsa a ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce na majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alkahira, inda Yahudawa suka yi ƙarnoni suna zuba duk takardar da take da rubutun Ibrananci don kada a wulaƙanta sunan Allah. A cikinsu akwai waƙoƙi uku na Ibrananci, an ɗora musu alamomin murya irin na ruhubanawan kudancin Italiya, sai dai an juya su suna tafiya daga dama zuwa hagu don su bi rubutun. A 1965 ne masana biyu, Norman Golb da Alexander Scheiber, suka gane cewa hannun Obadiya ne, ta hanyar kwatanta rubutun da na tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin yabon Annabi Musa ce, kuma duk wanda ya saba da Giregoriyan zai ji ƙamshinta a ciki. Wata kuma, wadda ta ƙunshi ayoyin nassi, ta fi kama da karatun da aka ji a bakin Yahudawan Gabas a zamaninmu. Wato a takardun mutum ɗaya an ga kayan aikin coci suna yi wa majami'a hidima, an kuma ga salon biyu kusa da juna. Guntun ɗaya yana Kambirij a Ingila, ɗayan yana New York.

A Turai ta tsakiyar zamani, musamman garuruwan bakin kogin Rhine irin su Mainz da Worms da Speyer, unguwar Yahudawa tana jin ƙararrawar babbar coci, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hujja mafi kyau a kan cewa ana aro ita ce dokar da ta hana shi. Littafin Sefer Hasidim, wanda ake jingina wa Yahuda na Regensburg da ya rasu a 1217, ya hana Bayahude ya koya wa limamin coci kari mai daɗi, don kada ya kai shi wurin ibadarsa, ya kuma hana a yi amfani da karin coci, ko da wajen rarrashin jariri ne. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa, kuma dokar ta nuna cewa ƙofar a buɗe take ta fuska biyu. A wannan yanki da wannan zamani ne aka sami manyan karin bukukuwan Yahudawan Ashkenaz, wato na Jamus da kewayenta, waɗanda daga baya aka yi musu laƙabi da "na Sina'i" saboda girmamawa, alhali masana suna jin salon mawaƙan fadar Jamus da na coci a cikin wasunsu.

Kada kuma a ɗauka wannan maƙwabtaka ta lumana ce. A watan Mayu na 1171, a garin Blois na Faransa, an ƙona Yahudawa kimanin 30 bisa ƙagen sun kashe yaron Kirista. Labarin da Yahudawan yankin suka rubuta ya ce mutanen sun mutu suna rera addu'ar Aleinu, kuma Kiristocin da suke wurin sun yi ta tambayar wace waƙa ce wannan mai daɗi haka. Wasu masana sun kwatanta tsohon karin Aleinu da wani Sanktus na Giregoriyan suka ga kusanci. Ko mene ne gaskiyar wannan kwatanci, ya kamata mai karatu ya riƙe cewa aron tsiraru daga masu rinjaye, a ƙarƙashin tsoro, ba daidai yake da aron masu rinjaye daga tsiraru ba, shi ya sa malaman Yahudawa suka fi na Kirista damuwa da batun.

Sau da yawa kuma, abin da ake zaton aro ne daga coci, idan aka bi sawunsa sai a tarar dukansu biyu daga titi suka ɗauko. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Ma'oz Tzur, waƙar da Yahudawa suke rerawa bayan kunna fitilun bikin Hanuka. An tsara baitocinta a Jamus a wajajen ƙarni na 13, kuma haruffan farkon baitocin suna ba da sunan marubucin, Mordekai. Karin da aka fi sani da ita a yau kuwa ya zo daga baya, kuma farkonsa kusan ɗaya ne da na wata waƙar Martin Luther, jagoran Kiristocin Furotesta na Jamus, ta 1523, wadda take kiran Kirista su yi murna. Mai gaggawa zai ce Yahudawa sun ari waƙar Luther. Amma shi ma Luther a kan karin wata waƙar gargajiyar Jamusawa ya gina tasa, wani sashe na Ma'oz Tzur kuma yana komawa ga wata waƙar yaƙi ta farkon ƙarni na 16. Kari ne da yake yawo a kasuwa da gidan biki, kowa ya kai shi ɗakin ibadarsa. Mu ma mun san irin wannan a Kano, inda 'yan bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna ɗora masa yabon Annabi, aka kuma yi ta muhawara a kan ko tsarkin baitoci yana wanke asalin kari.

Irin wannan muhawara malaman Yahudawa suka yi, kuma ba su taru a kan magana ɗaya ba. Yakubu Moelin na Mainz, wanda aka fi sani da Maharil, ya rasu a 1427, ya tsaya a kan cewa kada a canza karin da jama'ar gari suka saba da shi. Joel Sirkis na Krakow, wanda ya rasu a 1640, da aka tambaye shi game da karin da ake ji a coci, ya yi fatawa cewa haramcin yana kan karin da aka keɓe wa ibadarsu kaɗai, amma wanda kowa yake rerawa babu laifi a kai shi majami'a. A Gabas ma, inda maƙwabtan Musulmi ne da Kiristocin Suriya da Girka, Isra'ila Najara ya fitar da diwaninsa a Safad a 1587, yana rubuta a saman waƙa sunan waƙar Turkanci ko Larabci ko Sifaniyanci da za a rera ta da karinta. Yahudawan da asalinsu Halab ne har yau suna zaɓar maƙami, wato tsarin kari irin na Larabawa, na musamman ga kowace Asabar gwargwadon abin da karatun ranar ya ƙunsa, da sunayen da duk mai sauraron makarantan Alƙur'ani na Masar ya sani: Rast, Bayati, Hijaz, Saba. Kiristocin Larabawan wannan birni su ma da waɗannan maƙamai kunnensu ya saba.

Aro daga majami'a zuwa coci, wanda mutum na biyu a tambayarka ya manta da shi, yana da misalai masu suna da kwanan wata. A 1518 masanin Jamus Johannes Reuchlin, Kirista, ya buga littafi a kan alamomin karatun Ibrananci, a ciki kuma ya sa karin karatun Attaura na Yahudawan Jamus da rubutun kiɗa, wanda ya zama ɗaya daga cikin shaidu mafi tsufa a kan wannan karatu. A Benis, Benedetto Marcello ya saurari abin da ake rerawa a majami'un unguwar Yahudawa, na Ashkenaz da na Sefarad, wato masu asali daga Sifaniya, ya rubuta kari sama da 10, ya gina wasu daga cikin Zabura 50 da ya tsara a kansu, aka buga su tsakanin 1724 da 1726. Albarkacinsa ne muka san wani tsohon karin Ma'oz Tzur na Italiya wanda ya sha bamban da na Jamus.

Labarin da na fi so a ba ɗalibai shi ne na Landan, domin babu abin da ya ɓuya a cikinsa. A wajajen 1770, Thomas Olivers, mutumin Wales, wanda ya fara da sana'ar dukanci kafin ya zama mai wa'azin Methodist a ƙarƙashin John Wesley, ya shiga Babbar Majami'ar Yahudawa da ke Duke's Place. Ya ji mawaƙin majami'ar, Myer Lyon, wanda aka fi sani da Leoni, yana rera Yigdal, waƙar da ta tattara aƙidoji 13 na babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Leoni ba ƙaramin mawaƙi ba ne, yana fitowa a dandalin Covent Garden, kuma an san shi da ƙin yin wasa a daren Juma'a saboda Asabar. Abin ya ratsa Olivers, ya karɓi karin, ya rubuta masa baitoci 12 na Turanci masu farawa da yabon Allahn Ibrahim, ya ajiye wani abu na ma'anar asali, ya kuma ƙara aƙidar Kirista a kai. Waƙar ta bazu, har yau tana cikin littattafan waƙoƙin Methodist da Anglikan da wasunsu, kuma sunan da aka rubuta wa karin a cikinsu shi ne Leoni. Ga mai bayarwa, ga mai karɓa, ga wuri, ga lokaci. Duk da haka, shi ma wannan karin, da hawansa daki-daki daga ƙasa, ɗan dangi ne ga wani babban gida na waƙoƙin Turai, wanda ya haɗa da wata waƙar Italiya ta ƙarni na 16 da ake kira La Mantovana, da karin kiɗan da mawaƙi Smetana ya tsara a kan kogin Vltava, da taken ƙasar Isra'ila. Idelsohn da kansa ya jera su ya nuna dangantakar.

Aro mafi girma, wanda aka yi da gangan kuma da rana tsaka, ya zo ne a ƙarni na 19, kuma ya fi shafar salo fiye da kari ɗaiɗai. Tun kafin nan Salamone Rossi na Mantua ya buga waƙoƙin ibada 33 na Ibrananci a Benis a wajajen 1623, masu muryoyi da yawa a lokaci ɗaya irin na mawaƙan Italiya, malami Leon Modena kuma ya kare shi, amma abin bai yi nisa ba. Da Yahudawan Jamus suka fara samun 'yancin zama 'yan ƙasa, sai wasunsu suka so ibadarsu ta yi kama da ta maƙwabtansu Furotesta. A 1810 Israel Jacobson ya buɗe wurin ibada a garin Seesen, ya sa masa ogan, babban kayan kiɗan nan mai bututu na coci, ana wa'azi da Jamusanci, ana rera waƙoƙin taro irin na Furotesta. Hamburg ta bi sahu a 1818. A 1819 malaman gargajiya, ciki har da Moses Sofer na Pressburg, suka fitar da tarin fatawoyi suna haramta ogan, bisa dalilin cewa kiɗa aiki ne a ranar Asabar, kuma kwaikwayon al'adar wasu ne, ga shi ana zaman makokin Haikali. Tun daga nan ogan ya zama alamar da ake gane ɓangaren da majami'a take.

Waɗanda suka fi yin tasiri su ne masu bin tsakiya. Salomon Sulzer, wanda ya zama babban mai jan addu'a a Biyana a 1826, ya riƙe tsofaffin karin kakanni amma ya yi musu sutura da haɗin muryoyi huɗu irin na mawaƙan birnin, ya kuma nemi mawaƙa Kirista su rubuta masa. A cikinsu akwai Franz Schubert, ɗan Katolika, wanda ya tsara Zabura ta 92 da Ibrananci a 1828, shekarar da ya rasu. A Barlin, Louis Lewandowski ya yi irin wannan aiki ga Sabuwar Majami'a da aka buɗe a 1866, wadda take da ogan, kuma salon Mendelssohn a bayyane yake a waƙoƙinsa. Karin waƙar addu'a Ein Keloheinu da Julius Freudenthal ya tsara a 1841, wanda miliyoyin Yahudawa suke ɗauka tsohon gādo ne, yana da kusanci da wata sananniyar waƙar yabo ta cocin Jamus. Ba na ganin wannan a matsayin abin kunya ga kowa. Jama'a ta rera kari shekara 180 a kan addu'arta, ta yi aure da shi, ta binne iyayenta da shi, ya zama nata ko daga ina ya fito.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iskar ta juya. A Oktoban 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta yi watsi da ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin kisan Almasihu, kuma a daidai lokacin aka buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida. Coci-coci suka shiga neman sababbin waƙoƙi, da yawa kuma suka miƙa hannu ga karin rawar Isra'ila da na Hasidawa, wata ɗariƙar Yahudawan Gabashin Turai. Wani fada na Chicago, Willard Jabusch, ya ɗora baitocin Turanci masu maganar Sarkin ɗaukaka a kan wata waƙar gargajiyar Isra'ila, ta kuma shiga littattafan ɗariƙu da dama. Wasu Yahudawa sun karɓi wannan a matsayin girmamawa, wasu kuma ba sa jin daɗinsa, musamman idan ƙungiyoyin da suke neman juyar da su daga addininsu ne suke amfani da karin don jawo su, kuma wanda ya san tarihin tilasta musu shiga coci a Sifaniya da Fotugal zai fahimci dalilinsu. A Amurka kuma, a shekarun 1960 da 1970, jita ta shiga sallar Katolika, ta kuma shiga majami'un Yahudawa masu sassauci ta hannun mawaƙa irin su Debbie Friedman. Idan ka saurari waƙoƙin ɓangarorin biyu na wancan lokaci za ka ji su kamar 'yan uwa ɗaya, dalili kuwa shi ne matasan da suka tsara su duk waƙoƙin gargajiyar Amurka iri ɗaya suke ji a rediyo da sansanonin hutu.